Idon Hawainiyar Yaya Suwaiba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dakoro ya san Suwaiba mai kwaɗon zogale, ko bai san sunanta ba ya san kwanonta. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙarfinta, 'ya'yanta mata biyu suka yi aure, ɗaya a garin Mai Yara ɗaya a Maradi. Aka bar ta da gida da itatuwan zogale tara, tana shayar da su da ruwan wanke-wanke.

A kan zogalen nan hawainiya ta sauka wata damina. Mu nan ba a kiwon hawainiya, mata in sun gan ta salati suke yi su canja hanya. Yaya kuwa ta lura tun zuwanta tsutsa ta rage cin ganye, sai ta bar ta, har ta sa mata suna Amarya saboda tafiyar yanga. Kullum da hantsi za ta yayyafa wa ganye ruwa don ta lasa, ta zauna tana gyaran zogale tana ba ta labarin unguwa. Na sha yi mata tsiya, na ce ta rasa abokin hira sai mai ido ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta ce ai gara ita, tana sauraro ba ta kai tsegumi.

Da rani na biyu idon Amarya na hagu ya kumbura ya rufe. Tana goga shi a reshe, ta daina harbin fara. Yaya ta aiko aka kira ni, ranar kasuwa ce kuwa, ni kuma dillalin shanu ne. Na tarar ta sa ta a ƙwarya, ta shimfiɗa mata ganye.

"Jimrau, ka kai mini ita wurin likitan bisashe," ta ce. "Kai ka san su. Ni kwanona na jira na."

Na karɓa ban yi musu ba. Amma ofishin likitan yana daf da kasuwar shanu, kuma ina tafe ina hango dillalai. Na san bakinsu. In suka gan ni da hawainiya a ƙwarya, har in mutu sunana Jimrau mai hawainiya. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba.

Sai na tuna yadda wani makiyayi, Samba, yake yi wa saniya in idonta ya yi ruwa: ya tauna gishiri da taba ya fesa mata. Na ratse bayan wani kango, na tauna gishiri da taba, na riƙe Amarya na fesa. Abin da ake yi wa idon saniya na yi wa idon da bai kai ƙwayar wake ba. Ta buɗe baki, ta yi baƙi ƙirin a hannuna, feshin kuwa ya sami har ɗayan idon. Na mayar da ita na ce wa Yaya likita ya sa magani. Ta yi ta sa mini albarka.

Bayan kwana uku idanun biyu suka rufe. Sai ga Ramla, ma'aikaciyar ofishin likitan, ta biyo gidan sayen ganye. Ina zaune ta duba Amarya, ta ce ita dai ba ta ga an kawo musu hawainiya ba, kuma da alama ƙasa ce ta shiga idon da fari, da an wanke da ruwa mai tsabta da wataƙila ya buɗe. Yanzu kam idanun sun ƙone. Yaya ba ta ko dubi inda nake ba. Ta auna wa Ramla ganye, ta ƙara mata gyara.

Wata guda Yaya ta yi tana kama fara, tana taɓa bakin Amarya da ita har ta karɓa. Daga baya ta daina karɓa. Yaya ta binne ta a gindin zogale. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban iya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bara idon Yaya na dama ya fara hazo. Na ji a bakin mutane ta shirya zuwa Maradi a duba ta, matar maƙwabcinta za ta raka ta. Na bar kasuwa na ruga tasha, na same ta zaune a cikin mota da ƙullin kayanta a cinya.

"Yaya, mi ya sa ba ki hwaɗa mini ba? Ni ya kamata in kai ki."

Ta juyo da idon mai gani, ta dube ni ba fushi ko kaɗan.

"Koma wurin shanunka, Jimrau," ta ce. "Kar dillalai su gan ka kana ja-gora."

Motar ta tashi, ina tsaye.