Guɗar da Na Yi a Filin Maradun

Bakura, bayan asuba

Ana sallame sallar asuba na zura hijabina na fito, gari bai gama wayewa ba. Inna ta rako ni har zaure. Sai da na sa ƙafa waje ta riƙe mini hannu ta ce, "Rabi, ba ƙwallo na aike ki kallo ba. Ki dubo mani shi." Na ce to. Ƙawayena da kuke ta tambayar yadda aka yi, ga shi nan na rubuta, amma ku yi mini uzuri in ya zo a hargitse. Har yanzu in aka yi ihu a waje sai na ji gabana ya faɗi.

Wanda Inna ta ce in dubo shi ne yayana Bashiru, golan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Da damina ɓarayin daji suka ɗauke shi a gona, ya yi kusan wata biyu a hannunsu kafin Allah ya kuɓutar da shi. Jikinsa ya dawo, bakinsa bai dawo ba. Mutumin da a da ba ya ratsa tsakar gida bai yi wa wani faɗa ba, sai ga shi yana wuni bai ce komai ba ban da "to" da "Allah ya sa". In ka taka shi ma shi zai matsa. Babban tsoron Inna shi ne a ce haka zai ƙare. Da kocinsu ya lallashe shi ya koma fili, har aka sa shi a wasan da za su buga a Maradun, sai ta ce lallai wani daga gida ya gan shi da idonsa.

Mahaifinmu ya rasu, ƙannena ƙanana ne, saura ni. Kuma kun san ni da kallon ƙwallo ni kaɗai. Tun muna aji uku nake tsayawa gindin darbejiyar bayan firamare, nesa da maza, in kalli wasa har a tashi. Sai dai ban taɓa bin 'yan wasanmu wani gari ba. Ba mu gaya wa Yaya ba. Shi ya sa na yi sammako, don in riga motarsu fita.

Talata Mafara

Ƙaramar mota na samu, mu huɗu a baya, wata tsohuwa da kwandon kaji a cinyarta. Ba wanda ya yi hira. Kowa ya zuba wa daji ido, leɓɓa na motsi. Rana na ɗagowa muka shiga Mafara.

A tasha na sayi koko da ƙosai, amma rabi na iya ci. Motar Maradun ta daɗe ba ta cika ba, kuɗinta kuma ya kusa ninka na bara. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu da ake kira Malam Isa, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke ɗai? Biki ko gaisuwa?"

"Ƙwallo, Baba."

Ya ƙare mini kallo ya ce, "To, Allah ya kyauta zamani. Shiga gaba kusa da waccan hajiyar."

Hanyar Maradun

Mun wuce gonakin shinkafa da na albasa, ruwa na gudu a magudanai gwanin sha'awa. A shingen farko aka ce kowa ya sauko ya taka da ƙafa. Wani ɗan sa-kai mai bindigar toka ya tambaye ni inda za ni. Da na ce kallon ƙwallo za ni Maradun sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokinsa. "Zo ka ga 'yar kallo! Wa kike goyon baya?" Na ce Bakura. Ya ce, "To kada ki faɗi haka can." Na ɗauka wasa yake.

Can gaba Malam Isa ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ban ga komai ba. Hajiyar da ke kusa da ni ta fara salati. Na ce, "Baba, lafiya?"

"Tun da munka baro shinge, kin ga mota ko guda ta hito daga gaba?"

Ban gani ba. Ashe haka direbobin hanyar suke yi: in gaba ta daina aiko da mota, ba a shiga. Motoci biyu suka tsaya bayanmu. Abin da na dinga tunawa shi ne Inna, a ce an sake zuwa mata da irin wancan labari, kuma a ce ita ta aike ni.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Daga baya wani mai babur ya ɓullo, ya ɗauro rake har ba a ganin bayansa. Malam Isa ya ɗaga masa hannu. "Hanya lahiya?"

"Lahiya lau! Motar itace ta faɗi ta tare hanya, an kusa janye ta."

Hajiya ta saki numfashi ta ce, "Allah ya yi wa motar itace albarka." Duk motar aka yi dariya, har da ni, ina share hawaye.

Filin wasa

Saboda yanayin hanya, yanzu ana idar da azahar ake take wasa, don baƙi su koma gida da rana. Na yi salla a wani gida kusa da tasha, matar gidan ta nuna mini hanyar fili. Fili ne na ƙasa, ba katanga, igiya kawai aka zagaye shi da ita.

A nan na yi kuskure. Na hango motar 'yan wasanmu can bayan raga ɗaya, an juya hancinta tana kallon titi, 'yan rakiyarsu kaɗan tsaye a jikinta. Ban gane dalili ba. Ni dai na yi yadda na saba a gida, na nemi inuwar bishiya inda mata ke sayar da abinci. Ashe tsakiyar 'yan Maradun na shiga.

Wata mata mai suyar awara, doguwa mai zane a kumatu, ta matsa mini a kan bencinta. Gwaggo Hajo ake ce mata. Daga garin Gidan Goga take, tashin hankali ya koro su. Ta ce, "Ba 'yar garin ga ba ce ke." Ban san abin da ya sa ba, sai na ji na ba ta labarin Yaya kaf, a hankali. Ta ci gaba da juya awara ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ku gode Allah. Nawa ɗan bai dawo ba." Ta tsamo guda biyu ta barbaɗa yaji ta miƙo mini.

Aka take wasa. Na ga Yaya a raga, rigar ta yi masa yawa. Yana kama abin da ya zo, amma shiru, ba ya yi wa 'yan bayansa tsawa kamar da. Aka tafi hutu ba ci, aka dawo ba ci. Mu canjaras ya ishe mu mu wuce zagaye na gaba, su kuwa sai sun ci. Ana dab da tashi ɗan gabansu ya faɗi a gaban raga, wallahi ba wanda ya taɓa shi, alƙalin wasa ya busa fenareti. Fili ya ɗauki sowa.

Yaya ya tsaya a kan layi, hannuwa a sake. Na runtse ido, na buɗe. Ɗan wasan ya sheƙo ya narka ƙwallo ta ɓangaren hagu, Yaya ya tashi sama kamar an cilla shi, ya rungume ta a ƙirji ya faɗo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin doguwar nan ta gidanmu da ake ji har bayan unguwa.

Fili ya riga ya yi tsit, don haka kowa ya ji. Na ga kawuna suna juyowa. Wani ya ce, "'Yar Bakura ce!" Ledar ruwa ta fashe a kafaɗata, hoge ya daki bencin. Samari suka fara matsowa. Na kasa gudu, na kasa zama.

Gwaggo Hajo ta fizgo hijabina na faɗo kan benci, ta danƙa mini cokalin suya. "Juya awara, kada ki ɗaga kai." Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Kai! Wane mara kunya ne ke jifar ɗiyar ƙanwata?"

Wani saurayi ya ce, "Gwaggo, guɗa fa ta yi!"

"Ta yi! Biki za a yi gidanmu, tun da sahe take gwaji. Ina ruwanta da ƙwallonku? Kai Audu, na gan ka da dutse. Aje shi, ko in tai in gaya ma uwarka kana jifar mata."

Wasu suka yi dariya. Wanda aka kira Audu ya yar da dutsen yana gunaguni. Aka ci gaba da wasa, hankalinsu ya koma can. Ni dai na duƙufa ina juya awara. Gwaggo ta sunkuyo ta ce, "Ke ba a gaya maki ba? Ba a murna a hilin mutane. Dubi naku can, ko hannu ba su ɗaga ba. Sai sun bar gari su yi ihunsu cikin mota."

Ana busa tashi 'yan wasanmu suka kwasa da gudu sai mota, direba ya riga ya tayar. Mutum ɗaya ne ya yi akasin haka. Na hango Yaya ya ratso fili a guje, safar hannu ba ta fita ba, ya tsallake igiya ya kutsa cikin 'yan Maradun yana ture su. Mamaki ya hana kowa taɓa shi. Ya tsaya a kaina yana haki.

"Rabi! Na san ke ce! Ke wace irin mara hankali ce? Wa ya kawo ki nan? Kin san hanyar da kinka biyo? In an ɗauke ki, mi zan ce ma Inna? Tashi! Tashi na ce!"

Muryarsa ce, ta da, wadda ke cika gida. Na fashe da kuka, ina kuka ina dariya. Ya ƙara fusata. "Dariya ma kike? Wallahi sai kin gane kurenki!"

Gwaggo Hajo ta ƙulle awara a leda ta cusa mini a hannu. Ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Ɗan nan, tai da ita, ka ƙarasa faɗan a mota." Da kanta ta raka mu har bakin titi tana daka wa samari tsawa.

Dawowa

Koci ya bar mini kujerar gaba ya koma baya. Sai da muka wuce gidajen ƙarshe 'yan wasa suka ɓarke da ihu suna dukan jikin mota. Shi kuwa Yaya bai yi murna ba, faɗa yake. Ya gama da ni ya koma kan 'yan bayansa, wane bai tare ba, wane barci yake. Na ga koci ya juya yana kallon taga, yana goge ido da hularsa. A shingen nan ɗan sa-kan safe ya leƙo ya gan ni. "'Yar kallo! Kin dawo da kanki?" Na ce, "Da ƙyar." Bayan la'asar muka ratsa Mafara ba mu tsaya ba, rana ta yi ja muka shiga Bakura.

Inna na zaune a zaure, inda na bar ta. Ta buɗe baki za ta tambaye ni, Yaya ya riga ta. "Inna, ke kinka aike ta? Ɗiya mace, ita ɗai, hanyar Maradun? Haba Inna! Wannan wane irin ganganci ne?" Ya wuce ciki yana ta yi, ƙannena suka watse.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta jingina da bango ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Isa da ya san lokacin tsayawa, da matar da ta ba ni wurin salla ban ko tambayi sunanta ba, da koci. Gwaggo Hajo kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ɗanta a addu'a.

Jiya Yaya ya kafa mini doka, wai ko filin Bakura kada ya ƙara ganina. Na kai ƙara wurin Inna. Ta ce, "Ki bar shi ya faɗi. Ni dai in ji shi yana faɗi."