Kunkurun da Ya Cinye Karkashin Inna

A daminar da gonakin nesa suka gagare mu saboda halin da daji yake ciki, bayan ɗakin Inna ne ya riƙe mana tukunya. Karkashi da lalo da tafasa ke fitowa a wurin, ba wanda ya shuka su. Da hantsi nakan zauna in yi ta kallon furen karkashin yana lilo kamar ɗan kunne.

A lokacin ne ɗan kawuna ya zo daga Abuja da wani inji mai kama da kunkuru. Wai shi ya ƙera shi. Da hasken rana yake aiki, yana tafiya da kansa, yana tuge ciyawa ba sai an yi feshi ba. Ya zo ne ya ji ko za a saya. Da yake na yi karatu, ni ya damƙa wa takardar tambayoyi, muka shiga gidajen unguwar Magajin Gari.

Ina jin kunya na karanta wa wata tsohuwa tambayar farko: "Yaya kike kula da ciyawar ƙofar gidanki?" Ya tsoma baki, wai a Abuja shuka ciyawa ake yi, a ba ta ruwa, a yi mata aski, injin kuma ya cire baƙuwar ciyawa daga cikinta.

"Ciyawa a cikin ciyawa?" in ji tsohuwar. "Ɗan nan, ba ku da akuya ne a can?"

Ya karɓi takardar ya rubuta wai ta nuna sha'awa.

Washegari Inna ta tafi gidan suna, shi kuwa ya ce mutane ba su ga aikin injin ba ne, ya sake shi a bayan ɗakinta. Ƙara na jiyo kamar ta keken ɗinki. Kafin in fito wurin ya zama fes, sai jar ƙasa. Yana tsaye yana ɗaukar hoto.

"Kin gani? Ko ɗigon magani babu!"

Digiri har biyu, da miyar karkashi aka yaye shi, amma bai taɓa sanin kamannin karkashin a tsaye ba.

Inna ta dawo ta leƙa wurin. Bayan la'asar ta ajiye masa tuwon dawa, gaya.

"Gwaggo, miyar fa?"

"Tambayi kunkurunka, shi ya riga ka ci." Ta juyo gare ni. "Ke kuma rubuta masa a takardar, ni ma na nuna sha'awa."