Mazarƙwaila a Kwalbar Maraƙi

Shekaranjiya wata motar shanu ta wuce ta ƙofar gidana, sai na ji kukan ɗan maraƙi daga cikinta, siririn kukan nan mai rawa a ƙarshe. Na bar wankin da nake yi na tsaya, ina dariya ni kaɗai. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara tara a ƙauyenmu na wajen Saulawa lokacin da saniyar Baba ta mutu, mako guda da haihuwa, ana tsakiyar damina. Ta bar ɗan maraƙi ja mai farin goshi. Baba ya dube shi ya girgiza kai, ya ce idan ya rayu to nawa ne. Ni da ko kaza ban taɓa mallaka ba, ranar har abinci na kasa ci don murna.

Kaka, mahaifiyar Baba wadda na ci sunanta, ita ta karɓi renon. Ta samo kwalbar lemo ta sa mata kan bulumboti, ta ɗaura zare a wuyanta, iyakar inda madara za ta tsaya ke nan. Kullum da hantsi wata Bafulatana ke kawo madarar, Kaka ta ɗumama, ta ɗiga a bayan hannunta, sannan ta miƙo mini. Yana tsotsa yana kaɗa jela, kumfa na bin gwiwar hannuna, ƙasa na ƙamshin ruwan sama. Idan na tafi makarantar allo sai an ɗaure shi, in ba haka ba ya biyo ni.

Wata rana na ɗanɗana madarar, na ji ta salam. Tausayinsa ya kama ni. Yaya za a ce maraya, kuma ba uwa ba zaƙi? Baba ya kawo mazarƙwaila daga kasuwar Makarfi, sai na riƙa ɓantaro rabona ina narkawa a kwalbar, ina kuma zarce zaren da ɗan yatsa biyu. Ya sha har yana lumshe ido, ni kuwa ina jin babu uwa irina.

A kwana na uku zawo ya ɓalle masa. Jelarsa ta jiƙe, idanunsa suka faɗa, ya kwanta ya ƙi tashi. Kaka ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kaka ta je ta ɗauko kwalbar. Kiyashi sun yi mata baƙi har baki.

"Takwara," in ji ta, "yaushe kiyashi suka fara son madarar Fulani haka?"

Na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Ta ja kunnena kaɗan ta ce, "Gata mugun ciwo. Tashi ki hura wuta, kuka ba ya tsayar da zawo."

Ta tafasa ruwa, ta sa ɗan gishiri da ɗan ƙanƙanin kanwa, ya huce. Muka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tsakani da madara zalla, muna sauya masa shimfiɗar ciyawa busasshiya. Kwalbar kuwa sai an wanke ta da ruwan zafi kowane sha. A rana ta huɗu ina durƙushe ina share wurinsa, sai na ji an tunkuye ni ta baya, na kife da fuska cikin taɓo. Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ashe maraƙin ne ya miƙe. Shi ne daga baya ya zama san huɗar da ya noma mana gonar masara shekara da shekaru.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, turken gidanmu kuma babur ake ajiyewa a wurin. Maganin zawon maraƙi a shago ake saye cikin leda. Amma har yanzu idan zawo ya kama ɗaya daga cikin 'ya'yana, kafin in tambayi abin da ya ci, sai na fara binciken wanda ya fi ƙaunarsa a gidan. Yawanci Baba nake kamawa, da alewa a aljihun rigarsa.