Malama Luba, Mai Leƙa Idon Masu Ciwon Suga

Kowace Talata, ƙarfe bakwai na safe, Malama Luba tana kan kujerarta a ɗan asibitin unguwarmu, kusa da Ƙofar Mazugal. Mu masu ciwon suga sai mu jeru a benci. Ta soki ɗan yatsa, ta yi awon jini, ta sa a cire takalmi ta duba tafin ƙafa. Sannan ta buɗe kati: "Malam, idonka ya shekara ba a duba ba." Shekara talatin ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ta san dabarunmu kaf. Akwai masu ƙaurace wa tuwo da shayi tun ranar Lahadi don awo ya yi kyau. Sai ta yi dariya: "Hajiya, ni kike yi wa wayo ko kanki?"

Amma labarin Malam Isiyaku, mai aikin hannu a babbar riga, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ganinsa ya fara dishi-dishi, bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa zuwa kasuwar Ƙofar Wambai wajen mai tiren tabarau, duk zuwa ya zaɓi wanda ya fi na baya ƙarfi. Wata Talata, garin ciro kati daga aljihu, tabarau uku suka zubo a gabanmu.

Malama ta ce, "Malam Isiyaku, sana'a ka canza?"

"Wannan na zura allura ne, wannan na aiki, wannan na gane mutane."

"Suga a can cikin ido yake ɓarna, tabarau ba ya kaiwa nan. Zo in ɗiga maka magani mu leƙa."

"Maganin da ya sa maƙwabcina Salihu ya wuce ƙofar gidansa bai gane ta ba? Haba Malama, rigar ango ce a hannuna!"

Da gaskiyarsa, maganin yakan sa gani ya dushe na 'yan sa'o'i. Ba ta yi masa musu ba, ranar da ba ya ɗinki kawai ta tambaya. Ya ce Juma'a. Ta ware masa safiyar Juma'a, ta duba, ta sa mai adaidaita sahu ya kai shi gida. Ashe jini ya fara tsattsafowa a cikin idanun. A makon ta haɗa shi da likitan ido, aka yi masa aiki. Na hagu bai dawo duka ba, amma an ceci na dama.

Malama Luba, ke ce mai haƙurin da ba ta gajiya da taurin kanmu. Ke kika koya mana cewa wannan ciwo ba ya sallama in zai shiga ido. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Matasan ma'aikata, ku ɗauki halinta, ku saurari uzurin mutum kafin ku yi masa faɗa. Mu kuma mu kai idanunmu a duba kowace shekara, ko da muna gani tar. Jiya na wuce ta rumfar Malam Isiyaku. Tun daga nesa ya ɗago kai daga ɗinki, ya kira ni da sunana.