Malam Lado da Tukunyar da Ta Wanke Inna Mairo

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a bakin titin Makarfi, Malam Lado mai walda ya riga ya buɗe shagonsa. Zai share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya jawo benci, sannan ya tsoma gwangwanin shayinsa a cikin 'yar tukunyar ruwan zafi, ya zauna jira. Ba ya yarda madararsa ta haɗu da wuta kai tsaye. Shagon maganina manne yake da nasa, na daɗe ina kallon wannan hidima, kuma na sha tsokanarsa cewa kafin shayinsa ya yi zafi mutum zai je Zariya ya dawo. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ɗayyabu, ka taɓa jin ƙauri a shayina?" Gaskiya ban taɓa ji ba.

Sana'arsa ke nan a taƙaice. Sauran masu walda suna yin ƙyaure da taga, shi kuwa tukwane da injunan dumama abu yake ƙerawa, irin waɗanda wuta ba ta taɓa abin da ake dafawa. Yakan ce wuta ba ta da ladabi, sai an sa mata ɗan aike. 'Yan aikensa huɗu ne, ruwa da tururi da mai da iska, kuma idan ka bari ya fara bayaninsu, ka haƙura da cinikin ranar.

Na ji shi da kunnena yana yi wa wani manomi daga Kudan wannan bayani. Mutumin ya gaji da shanya tumatir da tattasai a ƙasa, awaki suna ci, hadari yana korarsa, ya zo neman injin busarwa.

"Ai sai ka hura wuta a ƙasa, zafin ya hau kawai, Malam," in ji manomin.

"Zafin zai hau, hayaƙi ma zai hau. Wa zai sayi kauɗa mai warin hayaƙi? Bututu zan ratsa ta cikin murhun, fanka ta turo iska ta cikinsa. Iskar ta ɗauki zafi, hayaƙi ya bi tasa hanyar. Amma ka sani, iska malalaciya ce wajen ɗaukar zafi, sai bututun ya yi tsawo. Kada gobe ka ce Lado ya cika maka ƙarfe don ya ci kuɗinka."

Tururi kuwa, a faɗarsa, ya fi kowa sauri, shi ya sa masu dafa tumatirin gwangwani suke sonsa, amma idan aka toshe masa hanya sai ya fasa tukunya. Mai yana kai zafi inda ruwa ba ya kaiwa, ba tare da ya matse ƙarfe ba, sai dai ranar da ya sami kafar tsiyaya, ya ɓata abinci, ya kuma iya kama wuta. Ruwa ne mai haƙurin cikinsu. Don haka da matan Fulanin Furana suka haɗa kai suka buɗe wurin tara madara a ƙasar Ikara, ya ƙi yi musu tukunyar mai, duk da wani ya zuga su cewa ta fi zamani. Ya ƙera musu tukunya mai riga biyu: madara a ciki, ruwa a tsakanin bangon ciki da na waje, wuta a can ƙasa. Madara ta daina kamawa a gindi, wani mai yin yogot a Zariya ya fara turo mota yana ɗauka.

A kan wannan tukunya ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata damina mai yogot ya aiko cewa ma'auninsa ya nuna ana sirka madarar da ruwa. Duk wanda ya san Fulani ya san nauyin wannan magana. Ido ya koma kan Inna Mairo, dattijuwar da shanunta suka yi albarka a shekarar, wadda madararta kaɗai ta kusa kai ta mata uku. Aka ce ta ɗan dakata da kawowa a gani. Ta dakata, sai madara ta fita tas a ma'auni. Shi ke nan, magana ta zauna. Ranar kasuwa mata suka riƙa janye ƙoransu daga kusa da tata. Har gidan da jikanta ke neman aure suka fara ja da baya. Ta daina fitowa gaba ɗaya.

Malam Lado bai san ta ba sai a gaisuwa. Ya je duba murhun ne kamar yadda ya saba, sai Wasila, matar da ke kula da tukunyar, ta ce masa cikin hira, "Baba, yanzu na huta. Da can kullum sai na ƙara ruwa a rigar nan, tun da madara ta ragu ba na ƙarawa."

Ya tambaye ta iya inda take cika ruwan. Ta nuna masa: daidai tsayin madarar, yadda ya koya mata. Idan madarar Inna Mairo tana ciki, ruwan yakan hau har kusa da wuyan tukunya. Idan babu, ya tsaya a ƙasa. Ya shafa ɗinkin waldar da ke wuyan, wanda ya yi da hannunsa.

Ya dawo shago ya zauna a bencina, ya faɗa mini abin da yake zargi. Tsaga ce siririya a wuyan tukunyar, ta nan ruwan riga yake shiga madara, ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Aikin ɗan lokaci kaɗan ne ya toshe ta, ba wanda zai sani. A lokacin kuma wata ƙungiya daga Gazara tana gab da ba shi aikin irin wannan tukunya.

"Idan na toshe a ɓoye, madara za ta gyaru," ya ce da ni. "Matar nan fa, wa zai gyara mata suna?"

Washegari da hantsi ya sa Arɗo Bobbo, shugaban Fulanin wurin, ya tara matan duka. Na rufe shago na bi shi. Aka aika a kira Inna Mairo, ta ƙi zuwa, sai da Arɗo ya je da kansa. Ta zo ta tsaya can nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Bayan an gama gaishe-gaishe, Malam Lado ya cika cikin tukunyar da farin ruwa. Ya kwance ƙullin bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, ya dama a bokiti, ya cika rigar da shi har wuya. Ya ce Wasila ta hura wuta.

Aka yi ta jira. Wasu suka fara gunaguni cewa shanu na jiransu. Can da ƙarfe ya ɗauki zafi, sai ga wani siririn zare shuɗi yana fitowa daga wuyan tukunya, yana sauka cikin farin ruwan a hankali.

"Arɗo, ga ɓarawon madararku," in ji Malam Lado. "Hannuna ne ya yi wannan ɗinki, idona ne bai ga kafar ba. Inna, ki matso ki gani. Ki yafe mini don Allah."

Ta matso, ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Shi kaɗai ta amsa wa: "Allah ya yafe mu duka, Malam." Ni dai na juya baya, don hawaye ya zo mini.

Aikin Gazara ya kuɓuce masa, an ce tukunyar Lado tana yoyo. Bai yi musu ba. Tun daga ranar, duk tukunyar da ta fita daga shagonsa da ƙullin bula ɗaure a hannunta take fita, da sharaɗin a riƙa gwadawa a kan wuta. Yau haka ake yi daga Furana har Nasarawan Doya, kuma mutanen Gazara da ƙafarsu suka dawo.

Malam Lado, kai ne ka tona aibin aikinka a bainar jama'a don tsohuwar da ba ka haɗa komai da ita ba ta ɗaga kai. Kai ne mai raba wuta da ɓarna. Ni da nake sayar maka da maganin ɗiga wa ido na san yadda hasken walda ya ci ganinka, na kuma san zafin da ka ji da ka miƙa wa Sa'idu, tsohon abokin aikinka, makullin shago a watan jiya.

Ranar da ka miƙa makullin, Inna Mairo ta sauka daga mota da ƙwarya a kai, matar jikan nata tana biye da ita da goyo. Ta ajiye ƙwaryar a gabanka ta ce, "Ka sha, Malam. Ko ɗigon ruwa babu." Ka yi dariya har hularka ta karkace.

Mun gode, Malam Lado. Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka sauran ganin da ya rage. Ku kuma masu sana'a, na ƙarfe da na allura da na alli, ranar da aikinku ya yi yoyo aka ɗora wa wani laifin, kada ku toshe a ɓoye. Ku tara mutane, ku zuba bula, ku hura wuta.