Hannun Yaya Sabo a Cikin Gem

Ɗazu da hantsi ina buga gem ɗin harbi a kwamfuta, labarin wani soja mai neman hanyar komawa gida. Ba a ganin fuskarsa, sai hannunsa da bindiga.

Inna ta kawo min kunu, ta tsaya a kaina.

"Juyo min da shi in ga fuskarsa."

"Inna, ba ya juyowa. Haka aka yi shi."

"Hannun nan irin na yayanka Sabo ne sak."

Damina biyu ke nan Yaya Sabo yana bakin daga, bai tako Gwaram ba.

Na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi ya iso gida tukuna."

Wallahi kunun nan gagara ta sha ya yi. Ku da naku ke nesa, ya kuke yi?