Matakalar Lal Nigor

A ƙauyen Yazrik, can ƙuryar Hunza inda hanyar mota take ƙarewa, in ka ji mace na zagin saniya tana haɗawa da uwar saniyar da kakarta, to Lal Nigor ce. Gajera ce, ƙafafunta sun ɗan gwame, hularta ta koɗe har ba a gane furen da aka ɗinka a jiki. Tun tana amarya take hawa rugar bisa da shanun dutse, masu gashin nan har ƙasa. Da ƙanƙara ta narke za ta tafi tare da sauran mata, su yi tatsa, su kaɗa mai, su shanya cuku, ba za a sake ganinta a gari ba sai sanyi ya koro su. Mijinta Dilawar ya daɗe da rasuwa. Haihuwa kuwa Allah bai ba ta ba, mutanen Yazrik kuma ba su taɓa bari ta manta ba.

Hanyar ruga ta cikin Tang take bi, matsatsin dutsen nan da kogi ke ruri a ƙarƙashinsa. Ba gwamnati ta yi ta ba, nomus ne ya yi ta. In mutum ya rasu, ko ya tsufa ana so a girmama shi, ɗansa ko ɗan'uwansa zai fitar da alkama da man shanu da dabba ya ciyar da mazan gari, su kuma su gina gada ko matakala, wurin ya ɗauki sunan mutumin har abada. Wanda ya ci abincin nomus kuwa ya ɗaure kansa, ba zai sauke hannu ba sai an gama aikin. Shi ya sa yaron Yazrik ke sanin sunayen matattun garinsu da ƙafarsa: Gadar Dilawar, Hawan Mirzo, Mashayar Bibi Soro. Lal Nigor ta taka sunayen nan har ta tsufa, tana sane sarai cewa nata ba zai shiga cikinsu ba, don ba ta da mai yi mata. Abin yana ci mata rai, ba ta kuwa ɓoyewa.

To, a shekarar da ake magana, ƙanƙara ta zubo daga sama ta share matakalar da ke tsakiyar Tang, wata tsohuwar matakala da ta riga kowa a garin, har an manta sunan mai ita. Maza suka je suka gitta gungume biyu, suka ɗaura igiya. Mutum zai iya rarrafawa ya wuce, amma dabbobi sai dai a gangara da su a ratsa kogi, kowa kuma ya san ruwan nan zai ci rabonsa. Aka taru a ƙofar masallaci ana tambayar wanda zai yi nomus. Masu hali suka sunkuyar da kai, wannan ya ce bana alkama ba ta yi ba, wancan ya ce yana da biki a gaba.

Lal Nigor ta taso daga inda mata ke zaune ta ce, "Ni zan yi."

Halifa Nayab, limamin garin, ya shafa gemu ya ce, "Madalla, Inna. Amma ai Dilawar yana da gada. Da sunan wa za a yi?"

"Da sunana."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Halifa ya ce, "Inna, ba a yi wa kai nomus. Wani ke yi maka. Tun kakanni haka yake."

"To nuna mini wanin, Malam. Ga ni tsaye, ina jira."

Sifat, ɗan ƙanen mijinta, wanda shanunta za su koma hannunsa in ta mutu, ya taso fuska a murtuke. Kunya ce ta kama shi, gaskiya, amma idonsa ma yana kan baƙin bijiminta. Ya ce, "Haba Inna, kina so ki tozarta mu? A ce gidanmu babu mai tunawa da ke? In Allah ya karɓi ranki ni zan yi miki."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai? Rufin ɗakina da ka ce za ka gyara tun kana saurayi, har yau kwano nake tarawa. Zauna, ɗana, kada iska ta ɗauke ka."

Aka watse ba a yanke komai ba, sai dai an sa ranar tashi zuwa ruga.

Akwai abin da kowace matar Yazrik ke yi tun shekarar aurenta: takan ware man shanu mafi kyau, ta naɗe shi a ɓawon itace, ta binne a wuri mai sanyi domin bikin ɗanta. Yana daɗewa yana ƙara daraja, ƙamshinsa kuwa in an narkar har maƙwabcin maƙwabci sai ya leƙo. Lal Nigor ma ta binne nata, shekara bayan shekara, tana jiran ɗan da bai zo ba. Da ta daina jira ba ta daina binnewa ba, don taurin kai. Ana gobe tashi ta tone shi kaf, ta ɗora wa saniyarta tare da garin alkama da tukunya da kasko, ta ce wa masu tambaya za ta riga ne ta share bukkoki. Ta ja bijimin ma ta tafi da shi.

Hanya ba ta yi mata sauƙi ba. Daga Gadar Dilawar hawa ne ba ƙaƙƙautawa, a kan tsakuwar da ke zamewa da mutum, taku biyu gaba ɗaya baya. Gwiwarta ta hagu ta fara ƙara, ta ce mata, "Yi shiru, ba da ke ake ba." Da ta shiga Tang rana ta ɓace, duwatsu suka matso har sararin sama ya koma kamar zare. Hanyar a nan faɗinta bai wuce tafin ƙafa biyu ba, itatuwa ne aka soka a jikin dutse aka jera faifan duwatsu a kai, kana takawa suna motsi. Saniyar ta toge a wata kwana, kayan ya gogi dutse, wani ƙunshin mai ya karkata zai faɗa kogi. Lal Nigor ta cafke shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiya. Ta ji tsoro ƙwarai. Ta zauna a wurin har numfashinta ya dawo, sannan ta tashi ta ci gaba, tana kiran sunan kowane wuri da ƙarfi kamar yadda aka saba, tana yi wa mai shi addu'a.

Ta kai ɗan filin da ke gab da inda matakala ta rushe, tana sauke kaya, sai ta ji tari a bayanta. Gul Andom ce, maƙwabciyar bukkarta a ruga, wadda suka shekara arba'in suna faɗa a kan tukunyar madara da ɗan maraƙin da ya shiga gonar wani. Doguwa ce, uwar 'ya'ya maza, bakinta kuma bai fi na Lal Nigor sanyi ba.

"Sharar bukka da kasko?" in ji Gul Andom. "Na san ƙarya kike, tsohuwar banza. Shi ya sa na biyo ki, in kin faɗa kogi in samu labarin bayarwa."

"Da kin bari na faɗa tukuna, da kin huta da hawa."

Gul Andom ta sunsuna ƙunshin. Ta san ko man mene ne. Can ta ce, "Wallahi ba ki da hankali." Ta naɗe hannun riga, ta jawo garin ta fara kwaɓawa, tana mitar cewa an cika ruwa.

Washegari da hantsi ayarin gari ya iso, tumaki a gaba, shanu a baya, maza da igiyoyi a kafaɗa, kowa a gajiye, yunwa na cin cikinsa. Ƙamshin ya riga ya tare su tun daga kwana. Suka tarar da gurasa tuli, an ɓarɓasa ta cikin narkakken mai da cuku, ga shayi mai gishiri na tafasa. Ba wanda ya yi tambaya. Suka ɗauka sadakar hanya ce ta yi wa mijinta, yadda zawarawa kan yi. Halifa ya yi bisimilla, Sifat ya ci har ya lashe yatsu yana cewa, "Inna, wannan mai ai na biki ne!"

Ta bari sai da kwanuka suka yi fes, sannan ta hau kan wani dutse ta ce, "Kun ƙoshi? To alhamdulillahi. Abincin nomus kuka ci. Ga bijimi can a ɗaure, Sifat, kai za ka yanka. Ga kuma aiki a gabanku."

Kai, wurin ya kaure! Wani ya ce yaudara ce, wani ya ce ai ba a sanar ba. Sifat ya yi tsaye da kwano a hannu kamar an dasa shi. Halifa ya ce, "Inna, wannan ba daidai ba ne."

"Ka ci ko ba ka ci ba, Malam?"

"Na ci."

"To in akwai mai iya mayar mini da maina, ya zo ya zuba a nan, ya wuce."

Ba wanda ya zo. Ɗan Yazrik zai iya yin ƙarya, zai iya cin amanar abokinsa a ciniki, amma ya ci abincin nomus ya juya baya, jikokinsa ma sai an goranta musu. Suna gunaguni suka ajiye igiyoyi, aka mayar da dabbobi wani fako aka bar su da 'yan mata, aka tura gari a kawo gatura da ƙarafa. Sifat ya yanka bijimin yana hawaye, ya ce hayaƙi ne.

Kwanaki suka yi suna fasa dutse, suna soka itace, suna jera faifai. Lal Nigor ba ta zauna ba. In ba tana juya tukunya ba tana ɗauko dutse a baya, tana duba aikin kowa, tana cewa wannan ko akuya ba za ta yarda da shi ba, a sake. Mazan suka riƙa cewa a tsakaninsu sun yarda za su gina, tunda sun ci, amma suna kam ba za a sa ba. Tana jin su. Abincin bakinta ya daina yi mata daɗi, don in aka gama ba suna, man rayuwarta ya tafi a banza ke nan.

Ranar da aka ɗora faifan ƙarshe kowa ya taru a gindin matakalar. Halifa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya zo inda ɗan gida ke fitowa ya faɗi sunan wanda aka yi domin shi, sai ya tsaya. Ya ce, "Al'ada dai dangi ke faɗa. Akwai?"

Idanu suka koma kan Sifat. Ya kafa wa ƙasa ido, bai motsa ba. Kogi kawai ake ji.

Gul Andom ta ture mutane ta fito ta ce, "Ni 'yar'uwarta ce. A ruga ɗaya muka tsufa, ni zan faɗa."

Lal Nigor ta riƙe mata hannu. Idonta ya ciko, amma ta girgiza kai ta ce, "Na gode, Gul Andom, amma ba zan yi aron dangi yau ba. Ban taɓa samu ba, kowa ya sani." Ta saki hannun, ta taka matakalar a hankali, gwiwa na ƙara, har ta kai tsakiya inda kowa zai gan ta. Ta juyo ta ce, "Wannan Matakalar Lal Nigor ce, 'yar Shambi, matar Dilawar, wadda ba ta haifi kowa ba. Ita ta yi wa kanta. Mai jin kunyar faɗa, ga kogi can, ya bi ta ciki."

Hannun Halifa na nan a sama. Gul Andom ta daka "Amin!" da muryar da take kiran shanu daga wancan tsauni. Matan ruga suka amsa gaba ɗaya, har da 'yan matan da ba a tambaye su ba. Halifa ya dubi mazan, ya dubi matan da za su tatsar musu madarar shekara, ya shafa fuska shi ma ya ce amin.

Ta sauko ta kwance saniyarta, ta ja ta zuwa gindin matakalar, ta ce wa Sifat da ke tsaye a hanya, "Matsa, ɗana. Ni zan fara hawa."